Dankalin Turawa a Zafin Birnin Kebbi: Nazarin Asarar Wani Ɗan Gwari da Yadda Ya Farfaɗo

Mafari

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar kayan gwari ne a Birnin Kebbi, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai. Ba zan ambaci sunansa ba, zan riƙa ce masa mai gwarin. Ya ba ni littafin da yake rubuta shige da ficen kayansa, na kuma zauna rumfarsa sau da dama muna bin lissafin tare. Duk inda aka ce buhu a nan, matsakaici ake nufi, mai kusan kilo 50.

Dankalin turawa, wanda matan gida ke kira arish, baƙo ne a ƙasar Kabi. Shuka ce mai son sanyi. Tana zuba 'ya'ya sosai idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, idan kuwa ya kai wajen 30 sai zubin ya tsaya. Shi ya sa mafi yawan wanda ake ci a Najeriya daga tsaunin Filato yake fitowa, inda tudun ya haura mita 1,200: Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Pankshin. A Kuru, kusa da Jos, akwai reshen cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke aiki a kansa, kuma iri kamar Nicola da Marabel, waɗanda asalinsu na Turai ne, sanannu ne ga manoman can. Kafin buhu ya taso daga can ya iso Birnin Kebbi sai ya bi Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara da Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 800.

Akwai wata mashiga ta biyu da ta fi kusa. A Jamhuriyar Nijar ana noman dankalin da ban-ruwa lokacin hunturu, a Dogon Dutsi da Bankuku da kuma duwatsun Azbin a yankin Agadas, galibi da irin da ake sayowa daga Faransa da Holan. Suna tona nasu daga Janairu zuwa Maris. Da damina kuma su ne ke sayen na Jos. Cinikin dai kai-da-kawo ne, kowane ɓangare da lokacinsa.

Masu sayen kayan mai gwarin su ne masu shayi da ke soya dankali da ƙwai, gidajen abinci, matan da ke dafa wa ɗalibai abinci, sai magidanta. Da azumi ciniki kan ninka, don gidaje da yawa ba sa buɗa-baki ba tare da soyayyen dankali ko fatensa ba. Har zuwa tsakiyar 2022 buhu biyar ko shida yake sarowa duk mako daga dillalan Sakkwato. Ba ya faɗuwa, amma ribar ba ta wuce cefane. Ya daɗe yana ganin dillalan ne ke cinye guminsa, kuma ranar da ya tsallake su ya je tushe, ranar zai zama babban ɗan kasuwa.

Agusta 2022: lodin farko daga Filato

Ya haɗa jarinsa da rancen da wani yayansa ya ba shi, ya tafi Bokkos da kansa. Lokacin marka ne, ruwa ba dare ba rana, kasuwa cike da sabon tono, farashi a ƙasa. Da ya kwatanta da abin da yake biya a Sakkwato sai ya ga kamar kyauta ake rabawa. Ya sayi buhu 60 ta hannun wani ɗan kamasho da ake biya la'ada a kan kowane buhu.

Abubuwa uku ne bai lura da su ba. Na farko, dankalin ɗanyen tono ne, fatarsa ba ta kama ba, ko da yatsa aka murza sai ta saluɓe. Na biyu, da laimarsa da taɓonsa aka ɗura shi a buhun leda irin na taki. Na uku, a daminar nan cutar da ke ƙone ganyen dankali ta addabi gonakin Filato. Cutar nan ita ce ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa daga 1845, kuma ba a ganye kaɗai take tsayawa ba, ruwan sama kan wanke ta ta gangara cikin ƙasa ta shiga ɗan dankalin. Manomin da ya ga gonarsa ta fara baƙi yakan yi sauri ya tone ya kai kasuwa kafin ya rasa duka. Ba mugunta ba ce, shi ma gudun asara yake. Amma wani ɓangare na arahar da mai gwarin ya gani daga nan ta fito.

Motar ta kwashe kwana uku a hanya. Direba ya kwana a Funtuwa, domin ba mai hankalin da zai shiga tsakanin Funtuwa da Gusau da dare saboda 'yan bindiga. An lulluɓe kayan da tamfol ɗin leda ruf, gudun ruwa, an kuma ɗora wasu kaya a sama. Da aka kwance igiya a Birnin Kebbi, tururi ne ya fara fitowa. Buhu huɗu suna ɗigar ruwa mai wari.

Sauran ya jibge su a shagonsa mai rufin kwano, a kan siminti, buhu kan buhu har hawa biyar, ya kulle ƙofa. Kowace safiya idan ya buɗe sai ya tarar da sabon ruɓa, kuma daga tsakiyar tarin yake farawa. A kwana tara ya zubar da abin da ya kai buhu 17. Ya karyar da 12 ga masu shayi ƙasa da yadda ya saya. Buhu 31 kaɗai ya sayar da daraja. Da aka cire kuɗin mota, la'ada, lodi da sauke, uwar kuɗin ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Oktoba 2022: wanki da shanya

Ya ɗauka taɓo ne ya cuce shi. Da ya sake kawo buhu 30 a Oktoba, sai ya sa yara suka wanke buhu 10 a cikin baho. Shida daga cikin goman suka ruɓe kafin mako ya zagayo, alhali a cikin 20 da ba a taɓa ba biyu kawai aka rasa. Ƙwayoyin cutar da ke narkar da dankali ta rauni suke shiga, ruwa kuma ke yaɗa su. Ruɓaɓɓe ɗaya a cikin baho ya isa ya shafa wa duk wanda fatarsa ta kuje.

Daga nan ya koma shanya a rana. Laimar ta bushe, amma bayan 'yan kwanaki fatar ta fara kore. Wata Hajiya mai gidan abinci, wadda ta fi kowa yi masa ciniki, ta aiko masa da rabin buhu da saƙo: “Malam, wannan ɗaci gare shi, ba zan ba mutane ba.” Gaskiyarta. Idan haske ya daɗe a kan dankali yakan yi kore, kuma tare da koren wani sinadari mai ɗaci yake taruwa a fata, wanda idan ya yi yawa yana sa amai da ciwon ciki.

Fabrairu zuwa Mayu 2023: kayan Nijar

Gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019. An buɗe ta Illela a Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilu 2022. Don haka a farkon 2023 hanyar halas a buɗe take. Wani abokinsa ɗan Kangiwa, wanda danginsa ke hayin iyaka kamar yawancin Arawa, ya haɗa shi da wani manomi a wajen Dogon Dutsi.

Wahalar da ya fara cin karo da ita ta kuɗi ce. Lokacin canjin takardun naira ne, tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, 'yan canji kuma ba kowa ke karɓar tiransifa ba sai da ƙari. Haka ya daure ya sayi sefa da tsada. Ya shigo da buhu 40 ta Kamba, jami'an kwastam da na duba lafiyar tsirrai suka duba, ya wuce. A tsarin cinikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ɗanyen amfanin gonar ƙasashen ƙungiyar ba ya biyan harajin shigowa, duk da cewa shingayen hanya ba sa rasa nasu ɗawainiyar.

Kayan sun ba shi mamaki. Busassu ne, fata ta kama, ƙasar jikinsu rairayi ce da ke kakkaɓuwa, ga su a buhun raga da iska ke ratsawa. Tafiyar yini ɗaya da 'yan awanni. Sanyin hunturu bai gama janyewa ba. A kwana 12 ya sayar da su kaf, abin da ya zubar bai cika buhu biyu ba. Wannan ne karon farko da ya ga riba ta gaske a dankali, kuma a shafin ranar ya rubuta a littafinsa cewa daga yau ya bar Jos.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Mako guda kafin nan ya sake komawa, wannan karon ya ɗauko buhu 90, rabi da kuɗinsa, rabi bashi. Dabararsa ita ce ya sayar da wasu cikin azumi, ya ɓoye sauran zuwa Mayu da Yuni, lokacin da na Nijar ya ƙare, sabon na Filato bai fito ba, farashi ya haura. Lissafin farashin daidai ne, don kusan kowace shekara haka kasuwar ke yi.

Zuwa ƙaramar Sallah, 21 ga Afrilu, ya sayar da 55. Saura 35 a shago. Wanda ya san bazarar Birnin Kebbi ya san yadda rana ke wuce digiri 40 a Afrilu, balle a ƙarƙashin kwano da ƙofa a rufe. Dankali kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, kuma ko bayan an tone shi yana numfashi, yana fitar da zafi. A makon farko na Mayu ya ɗora buhu a sikeli, mai kilo 50 ya koma 44. Fata ta yamushe, wasu sun fara tsiro, tsutsa ta huda wasu. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne waɗanda waje lafiya lau, amma idan an yanka tsakiyar baƙi ƙirin. Haka ke faruwa idan zafi ya tsananta numfashin dankali har iska ta kasa isa cikinsa.

Ya raba kayan uku. Buhu uku ya kai ɗakin sanyin wani mai kifi. Na ciki suka daskare, da aka fito da su suka narke suka zama ruwa. Na bakin ƙofa ba su daskare ba, amma da aka soya sai suka yi duhu da zaƙi-zaƙi, saboda sanyi mai tsanani yana mayar da sitacin dankali sukari. Dankalin ci ya fi son digiri 7 zuwa 10, ɗakin kifi kuwa ƙanƙara ake nema a cikinsa. Buhu 20 ya kai wani ɗaki a gidansa ya sa na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Wannan ya rage ruɓa, sai dai man fetur yana cin ribar tun kafin a same ta. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, farashin lita ya kusa ninkawa uku cikin kwanaki, ya kashe janaretan. Buhu 12 da suka rage a shago, takwas suka tafi bola.

Jimillar asara daga 35 ɗin nan buhu 16 ce. Farashin ya tashi kamar yadda ya hasasa, amma abin da ya kai ranar tashin bai isa ya cike gurbin abin da ya zube ba.

Yuni 2023 zuwa Maris 2024: iyaka ta rufe

Duk da haka bai yanke ƙauna da Nijar ba. Ya sayar da bijimin da yake kiwo don babbar Sallah, ya canza kuɗin zuwa sefa, ya kai wa manomin nan kafin alƙalami na buhu 30 na tonon baɗi, domin manomin ya samu kuɗin odar iri da wuri. Ba takarda, shaida kawai abokinsa na Kangiwa da limamin ƙauyen.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da gwamnati a Yamai. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. Iyakar Benin ma ta rufe, ga shi a lokacin ta tashar jirgin ruwan Kwatano mafi yawan kayan Nijar ke shigowa. Manomin ya aiko da saƙon murya cewa irinsa ya makara, abin da ya samu ya shuka kaɗan ne. Ko da ya noma da yawa ma, babu hanyar halas ta kawowa. An yi wa mai gwarin tayin a shigo masa da kaya a kan babura ta daji. Ya je ya ga wanda aka kawo wa maƙwabcinsa, buhu biyu-biyu an ɗaure da roba an sha gargada, rabi duk ya daddauje. Ga haɗarin kamu. Ya ce a'a.

Ɓangaren Filato ma ba lafiya. Tun daga watannin farko na daminar 2023 rikici ya ɓarke a Mangu, a jajibirin Kirsimeti kuma aka kai hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka rasa rayuka masu yawa. Manoman da suka tsira da yawa sun bar gonakinsu. Asarar buhu ba abin da za a haɗa da wannan ba ce, na ambata ne don a san dalilin da ya hana shi sake taka ƙauyukan, ya koma sayayya a kasuwar Farin Gada cikin Jos ta hannun wakili.

Najeriya ta buɗe iyakarta ranar 13 ga Maris 2024, Nijar ta buɗe tata bayan kwana tara. Azumi ya riga ya kama tun 11 ga wata, tonon Dogon Dutsi ya zo ƙarshe. Darajar naira kuma ta zube sosai a gaban sefa tun daga Yuni 2023, ta yadda buhun da ya zo da araha bara yanzu ya fi na Jos tsada. Kakar ta wuce shi.

Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2024: rudu

A tsakiyar wannan ƙunci ne ya kai ziyara Aliero wajen kawun matarsa, dattijon da ya shekara fiye da talatin yana ajiyar albasa. Ya kwashe labari ya faɗa masa. Dattijon bai tambayi farashi ba, ya tambayi inda ake ajiye kayan. Da ya ji kwano da siminti da ƙofa a kulle, sai ya ce: “Kai yaro, wanga abu rai garai. Ka rufe mai rai cikin tanda, ka ce mi ya kashe shi? Albasa ta koya muna tun dauri.”

“To Kawu, ya zan yi?”

Sai ya kai shi bayan gida ya nuna masa rudu. Dandamali ne na itace da aka ɗaga daga ƙasa, a shimfiɗa karan dawa a kai, a kewaye da zana, a yi masa jinka. Iska na shiga ta ƙasa, ta ratsa kayan, ta fita ta sama da zafinsu. Da haka mutanen Aliero da Gwandu ke riƙe albasa wata da watanni.

A Oktoba ya gina nasa a ƙarƙashin wani dogon yaro a kangon da ke bayan gidansa. Tsawonsa taku 12, faɗi taku huɗu, an ɗaga shi kamu biyu daga ƙasa. Abin da ya kashe bai kai kuɗin buhu uku ba. Wannan karon, maimakon ya zuba duk jarinsa, ya yi gwaji. A Nuwamba ya kawo buhu 20 daga lodi ɗaya. Goma ya bari a shago yadda ya saba. Goma ya zazzage, ya tsince masu rauni ya sayar a ranar, ya baza sauran a rudu ba tare da tudun ya wuce kamu ɗaya ba. Bayan kwana 14, na shago an zubar da buhu ɗaya da rabi, na rudu bai kai rabin buhu ba.

Amma an samu matsala: na sama da na gefe, kimanin kwando guda, sun yi kore. Albasa ba ruwanta da ɗan hasken da ke ratsa zana, dankali kuwa duhu yake so. Ya ninka zanar biyu, ya lulluɓe saman kayan da tsofaffin buhunan algarara. Koren ya tsaya. Ya kuma zuba yashi a ƙarƙashin dandamalin yana yayyafa masa ruwa safe da yamma ba tare da ruwan ya taɓa dankalin ba. A busasshiyar iskar hunturu wannan yana ƙara sanyaya wurin, yana kuma rage yamushewa.

Ya maimaita gwajin a ƙarshen Maris 2024 da dankalin rani na Filato. Sakamakon bai yi daɗin na Nuwamba ba. Rudu ya riƙe kayan lafiya kwana takwas zuwa goma, daga nan nauyi ya fara zubewa da sauri. Ya rubuta wannan adadi a bangon littafinsa.

Yuli zuwa Disamba 2024: sabon tsarin saye

Tunda ya san iyakar kwanakin da zai iya riƙe kaya, sai ya daina tunanin cika mota shi kaɗai. Ya nemo 'yan gwari uku, ɗaya a Birnin Kebbi, ɗaya a Jega, ɗaya a Aliero, duk a kan hanya guda, suka riƙa haɗa lodi duk kwana goma, kowa buhu 15 zuwa 18.

Sun canza yarjejeniya da wakilinsu na Jos. A da la'adarsa a kan yawan buhu take, don haka ba abin da ya dame shi da abin da ke ciki. Yanzu ana ba shi kashi biyu cikin uku a wurin lodi, cikon sai kaya sun iso an zazzage, kuma idan ruɓa bai wuce buhu ɗaya cikin 15 ba ana yi masa ihsani a kai. Kafin ya biya kuɗi yakan ɗebo dankali daga tsakiyar buhu, ya murza fatar da babban yatsa, ya yanka biyu ko uku, ya turo bidiyo ta WhatsApp. Wanda fatarsa ta saluɓe ba a saye, komai arahar sa. Sun fi neman na manoman da ke yanke ganye su bar dankalin a ƙasa kwana 10 zuwa 14 kafin tono, don a wannan zaman ne fata ke kamawa. Irin wannan ya fi tsada, suka yarda su biya.

A hanya kuma buhun raga ko na algarara, tamfol a sama kaɗai, gefe a buɗe, ba a ɗora komai a kai. Ya kuma daidaita da Hajiyar nan da masu shayi takwas a kan adadin da kowa zai ɗauka duk mako, don haka rabin kasonsa yana da mai shi tun mota ba ta taso ba.

A wata shida sun yi sawu 17. Kasonsa buhu 270, abin da ya zubar 18.

Fabrairu 2025 zuwa yau

A Fabrairu 2025 manomin Dogon Dutsi ya kira da kansa. Ya kawo buhu 18 daga cikin 30, ya cika 12 bayan mako biyu, dab da azumin da ya kama 1 ga Maris. Kusan wata 20 kuɗin suna hannunsa bai ci amana ba. Da yake da sefa aka biya tun kafin naira ta gama faɗuwa, kayan sun zo wa mai gwarin da sauƙi ƙwarai. Nijar ta riga ta fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairu, amma kayan sun shigo ta Kamba ba tare da sabuwar matsala ba. Ya sayar da su duka a makonni biyun farko na azumi, bai ɓoye ko buhu ɗaya ba.

Yanzu yakan duba canjin sefa a Janairu. Idan lissafi ya fita ya sayi na Nijar kaɗan-kaɗan har tsakiyar Maris, idan bai fita ba ya tsaya ga na ranin Filato. Kafin alƙalami kuwa ya daina bayarwa a hayin iyaka.

Abin da na fahimta

A ganina kuskurensa na asali guda ne, ya sake shi sau uku da kama daban-daban: farashin buhu a wurin saye yake kallo, ba adadin kilon da zai kai hannun mai saye da lafiya ba. Arahar Bokkos a Agusta 2022 araha ce ta ɗanyen tono a shekarar cuta. Ribar Fabrairu 2023 kuma ya jingina ta ga ƙasar da kayan suka fito, alhali abubuwa huɗu ne suka haɗu: busasshen tono mai kamammiyar fata, gajeriyar hanya, sauran sanyin hunturu, da sayarwa cikin kwana 12. Manomi ɗaya, gona ɗaya, wata guda kacal a tsakani, amma da aka riƙe kayan cikin bazara sai suka lalace kamar na Jos. Shigo da kaya daga Nijar yana da amfani na gaske ga Kabi, amma na wata biyu ne zuwa uku a shekara, kuma yana rataye da abubuwa biyu da ɗan gwari ba shi da iko a kansu, canjin kuɗi da siyasar iyaka. Ban ga laifinsa a rufe iyaka ba, ba wanda ya hango ta. Inda nake ganin ya yi ganganci shi ne buhu 90 da bashi, ba tare da ya taɓa gwada riƙe ko buhu biyar a Afrilu ba.

Rudu ya taimaka, amma ina tsoron a ɗauke shi fiye da matsayinsa. Ba ya sanyaya kaya ƙasa da iskar gari sosai, aikinsa ya hana zafin numfashin dankalin taruwa. Da an zuba masa ɗanyen tonon Agusta 2022, da an yi asara, ko da ba ta kai waccan ba. Abin da ya fi tasiri a lissafinsa shi ne canza yadda ake biyan wakili, sai rage yawan lodi. Gwajin buhu goma da goma kuwa shi ne ya ba shi adadin kwanakin da ya gina sauran tsarin a kai, kuma abin takaici ne cewa bai yi shi ba sai bayan ya zubar da sama da buhu 40.

Giɓin Afrilu zuwa Yuni yana nan bai toshe ba. Ba abin da zai riƙe dankali wata biyu a bazarar Birnin Kebbi sai ɗakin sanyi da aka saita don kayan gwari, mai wutar da ba ta yankewa, wannan kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Su huɗun sun fara maganar mai aiki da hasken rana, sun tambayi farashi, kuɗin ya fi jarinsu gaba ɗaya. Don haka a waɗannan watanni uku yakan mayar da hankali ga albasa da dankalin Hausa, na turawa kuma ya saro buhu biyar duk mako daga dillalan Sakkwato kamar da. Ya ce mini yanzu ya san cewa a cikin abin da suke ɗorawa har da kuɗin ruɓan da suka riga suka tsince suka zubar kafin ya iso. Rancen yayansa ya biya kashi uku cikin huɗu, sauran ya yi alkawarin cikawa bayan kakar bana.